Darasi na Bakwai: Sayarwa a Kaka, Awo a Marka

Kowace shekara, daga watan Oktoba zuwa Disamba, kasuwannin hatsi na ƙasar Hausa kan cika maƙil. Gero ya riga ya shigo gida, masara ta bushe, an roro wake, dawa na bisa hanya. Manyan motoci kan yi lodi a Dandume da Giwa da Saminaka su nufi Dawanau ta Kano ko su gangara Kudu, kuma saboda kowa ya kawo kayansa a lokaci guda, farashi kan faɗi. Bayan wata bakwai ko takwas, a Yuli da Agusta, lokacin marka, rumbuna sun yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, hanyoyin ƙauye sun jiƙe, sai mudu ya yi tsada. Kowa ya san wannan. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne, mutumin da ya sayar da arha a kaka, sau da yawa shi ne ke tsaye gaban mai awo a marka yana sayen irin hatsin da ya noma da hannunsa. Abin da wannan darasi ke son tabbatarwa shi ne cewa babban rabo na asarar ƙaramin manomi a nan yake faruwa, tsakanin ranar da ya sayar da ranar da ya koma saye, kuma rage wannan asara zai amfani mai sayen abinci na birni kamar yadda zai amfani manomin.

Bari mu yi lissafi da misali, kowa ya sa farashin garinsu a madadin namu. A ce magidanci ya sami buhu 10 na masara. A kaka buhu yana naira 40,000, sai ya sayar da 6 ya karɓi naira 240,000, ya bar 4 don cin gida. Huɗun nan suka ƙare a watan Mayu, kuma kafin sabon amfani ya iso gidan na bukatar ƙarin buhu 3. A lokacin buhu ya kai naira 60,000, don haka zai kashe naira 180,000 ya mayar da abin da ya sayar a kan naira 120,000. Bambancin naira 60,000 ne. Idan aka lura, abin da ya yi daidai yake da cin bashin naira 120,000 daga kasuwa, ya biya da ƙarin rabin kuɗin cikin wata takwas. Da wani zai zo masa da irin wannan bashi a fili, da ya ce ana zaluntarsa. Kuma lissafin nan ya yi masa sauƙi, domin a marka ba kasafai yake da kuɗin buhu ba. Mudu-mudu yake saye, ko tiya-tiya, kuma kowa ya san wanda ke awo kullum ya fi mai sayen buhu kashe kuɗi.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1967 wata masaniyar tattalin arzikin karkara 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina tana nazarin yadda magidanta ke rayuwa, littafinta kuma ya fito a 1972. Ta ga cewa manoman gari ɗaya ba ɗaya suke ba. Masu hali kan riƙe hatsinsu har ya yi daraja, su kan ma sayi na wasu su ƙara. Marasa hali kuwa rumbunsu kan ƙare da wuri, sai su shiga ƙwadago a gonakin masu hali a daidai lokacin da tasu gonar ke bukatar noma, amfaninsu ya ragu, shekara ta zagayo su sake faɗawa cikin halin da suka fito. Fiye da shekara hamsin ke nan, kuma duk wanda ya san ƙauye ya san labarin bai sauya ba.

Me ya sa manomi ke sayarwa alhali ya san farashi zai tashi? Wasu kan ce rashin haƙuri ne ko rashin tsari. Wannan magana ba ta yi wa manomi adalci ba, domin ba wanda ya fi shi sanin yadda kasuwa ke hawa da sauka. Abin da ke tura shi kasuwa shi ne duk wani nauyi da ke kansa a kaka yake faɗowa. Mai taki da ya ba shi bashi a farkon damina yana jiran kaka. Wanda ya ba shi falle, wato kuɗi ko hatsi a damina don a biya da amfanin gona, shi ma yana bakin ƙofa. Makarantu sun koma a Satumba. Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani a ƙarshen damina, an ci bashin magani. Aure da tarewa da gyaran katangar da ruwa ya zubar duk an ɗage su zuwa bayan girbi, saboda kowa ya san a lokacin ne mutum ke da abin hannu. Manomi ba shi da albashi, hatsinsa shi ne kuɗinsa, don haka dole ya taɓa shi ko da kasuwa ba ta yi ba.

Akwai kuma sauyin da ya shigo noma wanda ya ƙara tsananta lamarin. Gero da dawa, idan aka ɗaure su dami-dami aka zuba a rumbu da zangarniyarsu, su kan daɗe ba su lalace ba, kuma kakanninmu sun noma su da takin gida. Daga tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka kafa ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gwambe da taimakon Bankin Duniya, masara ta bazu a Arewa tare da sabon iri da takin zamani mai rangwame. Masara ta fi yabanya, ta cika buhuna, amma ba ta yi sai da taki, taki kuma sai da kuɗi a farkon damina, lokacin da hannun manomi ya fi bushewa. A 2017, ƙarƙashin shirin taki na Shugaban Ƙasa, ana sayar da buhun NPK a kan naira 5,500. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a 2022, da faɗuwar darajar naira daga 2023, buhun ya haura naira 30,000. Duk lokacin da taki ya ƙara kuɗi, bashin da manomi ke shiga kaka da shi ya ƙaru, buhunan da zai rabu da su da wuri su ma sun ƙaru. Ga shi kuma masara da wake ba su da juriyar gero a ajiya. Wake musamman, idan ƙwari suka shige shi, cikin 'yan watanni sai a tarar da shi duk huda. Wanda ya taɓa buɗe buhu ya ga haka, ba za a zarge shi ba idan ya gwammace ya sayar tun kaya na da kyau.

Sai mu juya ga mai saye. Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2019 ta nuna cewa fiye da rabin abin da gidajen Najeriya ke kashewa, wajen kashi 56 cikin 100, a kan abinci yake tafiya. Ga talaka rabon ya fi haka. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin mota ya ninka, kuma a watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 idan aka kwatanta da Yunin shekarar da ta gabace ta. A Agustan shekarar aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano da Kaduna da wasu garuruwa. Lebura da mai gadi da malamin firamare da bazawara mai sayar da ƙosai ba su da rumbu. Abin da ke karya su shi ne watannin nan uku ko huɗu da mudu ke tashi alhali samunsu na nan inda yake. An saba a ɗauka cewa manomi da mai saye kishiyoyi ne, abin da ya yi wa ɗaya daɗi zai cuci ɗayan. A kan matsakaicin farashin shekara, akwai gaskiya a ciki. Amma a kan tazarar da ke tsakanin farashin kaka da na marka, bukatarsu ɗaya ce: manomi na so na kaka ya ɗan ɗaga, mai saye na so na marka ya ɗan sauka, kuma abu ɗaya ne ke kawo duka biyun, wato hatsi ya riƙa fitowa kasuwa sannu a hankali tsawon shekara, daga hannun mutane masu yawa.

Hanya biyu aka gwada, kuma dole su tafi tare. Ta farko ita ce ajiyar da ƙwari ba sa ci. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru sun samar da buhun da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa sosai a yammacin Afirka daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku, a ɗaure kowace daban. Iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Wannan na da muhimmanci ga lafiyar mai ci, domin al'adar zuba fiya-fiya da makamantansa a cikin wake ta jawo har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda ragowar guba. Abin da Turawa suka ƙi, mu ne muke dafa shi. Sharaɗin buhun shi ne hatsi ya bushe sarai kafin a zuba, kuma a ɗora shi kan katako nesa da ɓera. Jarka ko duro mai murfin da ke toshewa tsaf su ma suna yin wannan aikin.

Amma buhu ba ya biyan bashin taki. Shi ya sa hanya ta biyu ta fi ta farko nauyi: manomi ya sami kuɗi a kaka ba tare da ya rabu da hatsinsa ba. A Jamhuriyar Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka aka shigo da tsarin da ake kira warantaji. Ƙungiyar manoma kan tara buhunan membobinta a shago ɗaya, a rubuta sunan kowa a kan nasa, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance. Kowa ya karɓi rancen da bai kai cikakken kuɗin hatsinsa na ranar ba, ya biya bukatunsa ko ya juya shi a noman rani ko kiwon rago. Bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe shago, ya ɗauki kayansa ya ci ko ya sayar. Kwaɗon nan na biyu yana da wani amfani da manoma suka sani sarai, domin hatsin da ke kulle ba ya zubewa a hidimomin da ba sa ƙarewa. A yammacin Kenya an yi gwajin da ya auna wannan dabara da kyau. Wasu masana uku tare da ƙungiyar One Acre Fund suka ba manoman masara rance bayan girbi, sakamakon kuma ya fito a 2019. Waɗanda suka sami rancen sun rage sayarwa a kaka, sun ƙara sayarwa daga baya, kuma ribar da suka samu a kan kuɗin ta kai wajen kashi 29 cikin 100. Abin da ya fi jan hankali shi ne, a yankunan da masu rancen suka yi yawa, tazarar farashi tsakanin girbi da lokacin tsada ta ragu a kasuwannin yankin. Ribar masu ajiyar ta ragu, amma maƙwabtansu da ba su ci rancen ba sun amfana.

Ƙorafi na farko da za a yi shi ne: ashe wannan ba ɓoye abinci ba ne, abin da addini ya hana kuma jama'a ke tsinewa? Tambayar na da tushe. A Fabrairun 2024, lokacin da tsada ta yi tsanani, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kaya. Sai dai malaman fiƙihu sun bambance tsakanin wanda ya kwashe abincin kasuwa ya danne don ya ƙuntata wa mutane, da manomin da ya ajiye amfanin gonarsa. Na biyun ba a lissafa shi cikin masu ɓoyewa, sai fa idan yunwa ta kai matuƙa, a nan hukuma na iya sa kowa ya fitar da rarar da ke hannunsa. Kuma a duba da idon basira: hatsin da aka girbe a Oktoba, wanda za a ci a Yuli, dole wani ya ajiye shi. Abin tambaya kawai shi ne a hannun wa zai kwana. Idan ƙananan manoma suka zubar da shi gaba ɗaya a kaka, zai taru a hannun 'yan tsiraru masu jari, waɗanda za su iya haɗa baki. Idan ya kasance a dubban ɗakuna da shagunan ƙungiyoyi, ba mai iya danne shi, domin kowa zai fitar gwargwadon bukatarsa.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma bai kamata a kauce masa ba: farashi ba kullum yake tashi ba. A Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara da shinkafa da alkama da wake. Da wannan, da daminar da ta yi kyau, da ɗan daidaituwar naira, farashin hatsi ya sauka ƙwarai a 2025, kuma da yawa daga waɗanda suka sayi kaya da tsada suka ajiye sun tafka asara. Har a shekarar da farashi ya tashi ma, ba duka ƙarin ne riba ba. Sai an cire kuɗin buhu da na shago, da ragin nauyi idan hatsi ya ƙara bushewa, da faɗuwar darajar kuɗin kansa, domin idan komai ya ƙara kuɗi da kashi 20 cikin wata takwas, wanda hatsinsa ya tashi da kashi 20 bai ci komai ba. Amsar ita ce a raba ajiya gida biyu. Akwai ajiyar ci, wato abin da zai kai iyali sabuwar kaka. Wannan ko farashi ya faɗi mai ita bai yi hasarar da za ta kayar da shi ba, tunda tuwon gidansa na nan, kuma ba zai bar gonarsa ya tafi ƙwadago a marka ba. Sai ajiyar neman riba, wadda kasuwanci ce mai haɗari kamar kowane kasuwanci. Ƙaramin manomi ya fara cika ta farko. Abin da ya ragu kuma kada ya jira rana ɗaya da yake zaton farashi zai kai ƙololuwa, ya riƙa fitarwa kashi-kashi. Ba zai sami mafi tsadar farashi a kan duka ba, amma ba zai faɗa mafi muni a kan duka ba.

Game da shigo da abinci daga waje, ba za a zargi mai saye ba idan ya yi murna, domin yunwa ba ta jiran damina mai zuwa. Amma a ganina matakin da ake yankewa kwatsam, bayan manomi ya riga ya ci bashin taki da tsada, yana koya masa ya rage noma, kuma mai sayen ne zai biya kuɗin wannan darasi bayan shekara ɗaya ko biyu. Abin da ya fi dacewa da hukuma shi ne ta sayi hatsi a kaka lokacin da ya faɗi, ta fitar a marka lokacin da ya tashi, bisa ƙa'idar da kowa ya sani tun kafin shuka. A Nijar hukumar abinci ta OPVN kan sayar da hatsi da rahusa a watannin wahala. A Najeriya, a Fabrairun 2024, an ba da umarnin fitar da tan 42,000 daga rumbunan gwamnati. A raba wannan ga mutum sama da miliyan 200, kowa ba zai sami rubu'in kilo ba. Rumbun gwamnati kaɗai ba zai riƙe ƙasa ba, ajiyar da ke hannun manoma ita ce babba.

Saura maganar bashi, wanda mutane ke tsoro da dalili. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers, da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma kaso mai yawa bai dawo ba. Amma wancan rance ne na shuka, wanda fari ko ambaliya ko 'yan bindiga kan iya cinyewa kafin a girbe komai. Rancen kaka kuwa yana tsaye a kan buhun da ake gani a kulle, shi ya sa mai bayarwa ke da natsuwa. Jingina kanta halal ce, ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jinginar da sulkensa ya karɓi abinci don iyalinsa. Inda ake bukatar kula shi ne kuɗin ruwa, kuma akwai hanyoyin kauce masa: rance marar ruwa daga asusun ƙungiya, ko asusun ya sayo wa manomi rago ko irin noman rani ya sayar masa da ribar da aka sani tun farko, a biya daga baya. Mata sun daɗe da gane amfanin saye a kaka ba tare da kuɗin ruwa ba, domin da kuɗin adashi da na akuya suke sayen gyaɗa da wake a kaka don sana'ar shekara. A wuraren da 'yan bindiga ke ƙone rumbuna, kamar sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, ba a cewa mutum ya tara hatsi a ƙauye. Can sai dai a haɗa kai a kama shago a gari mafi kusa da ke da tsaro, a lissafa kuɗin dako cikin kuɗin ajiya.

Aikin wannan darasi zai ɗauki lokaci, amma littafi ɗaya da biro sun isa. Kowane ɗalibi ya zaɓi hatsi biyu da aka fi ci a gidansu, ya rubuta kuɗin mudu ko tiya a ranar kasuwa ta farko ta kowane wata. Mai noma ya ƙara da rubuta buhu nawa ya girbe, nawa ya sayar kafin ƙarshen Disamba da bukatar da ta sa ya sayar, da watan da ya fara awo. Wadda ke riƙe da girkin gida ta rubuta mudu nawa ake ci a mako, domin da wannan ne za a san buhu nawa ne ajiyar ci. A zama na gaba za mu haɗa na aji gaba ɗaya, mu lissafa kuɗin da ake bukata a kaka don buhunan cin gida su tsaya a garin, sannan mu duba ko adashin da ake yi yanzu zai iya ɗaukar wani kaso daga ciki.